Neman Kofur Haruna Daga Gumel Zuwa Gagarawa

Gumel

Da sunan Allah na fita daga gida ranar Alhamis, ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba. Ni tsohon saje ne. Abin da ya tashe ni shi ne neman gafarar Kofur Haruna, wanda shekara talatin rabona da shi, na kuma ji ya kwanta ciwo.

Hanyar Maigatari

Shida da kwata motarmu ta tsaya a shingen sojoji. Na hangi wani kofur a tsugune, ya zana hanya a ƙasa da tsinke, ya jera tsakuwa, mutanensa huɗu sun kewaye shi, yana tambayar ɗayansu:

"Kai, ina za ka tsaya? Maimaita in ji!"

Idona ya ciko. Haka muke yi a da. Laftanal ya ba ni umarni, in rubuta da ajami, in je in leƙo wurin da idona, in dawo in zana shi a ƙasa. In faɗi aikin, da wanda zai yi kaza, da alamar janyewa, sannan kowa ya maimaita nasa. Rana ɗaya tak, a bakin wani rafi a ƙasar waje, gaggawa ta sa na tsallake maimaitawar. Da wuta ta yi zafi na busa usur ɗin janyewa, kowa ya haye rafin, Haruna bai taso daga kan bindigarsa ba. Harsashi ya karya masa cinya.

Maigatari

Bakwai saura muka sauka. A kasuwar shanu, inda aka ce yana gadi, mai shayi ya ce, "Baba, ai Haruna Mai Sanda ya tashi tun damina. Nemi ƙaninsa a Sule Tankarkar." Na karya da shayi da burodi, na koma tasha.

Sule Tankarkar

Sai azahar na isa. Ƙanin ya ce, "Yana Gagarawa wajen 'yarsa. Amma wallahi ba ka wucewa yau, Malam." Na ci tuwon gero da miyar kuka, na kwana a zaurensa.

Gagarawa

Juma'a, goma na safe, na tarar da shi a kan tabarma, ya rame ƙwarai. Ya ɗaga hannu ya sara mini.

"Saje! Har yanzu kana nan da gajertarka?"

Na durƙusa na ce, "Haruna, ban sa ka maimaita ba ran nan. Ka yafe mini."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wa ya ce maka ban gane ba? Na ji usur ɗinka sarai. Da na tashi, wa zai tsare muku baya ku haye? Ni ne na saɓa umarni. Kai za ka yafe mini."

Muka yafi juna, 'yarsa ta dama mana fura.

Gida

Ana kiran la'asar na shiga Gumel. Na gode wa duk wanda ya nuna mini hanya, na gode wa Allah da ya sa na same shi da rai.