Takardun Iska Uku Suna Jiranka, Ansumana

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, tara ga watan Oktoba, zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da Ansumana Baji, mai auna iskar bakin tekunmu a nan Joal. Ni Nyilan Sen, mai bandar kifi, nake rubuta wannan da hannuna. A yafe mini, sai da na haifi 'ya'ya biyar na koyi riƙe alƙalami.

Ansumana, kullum ka shigo sai ka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, bari in gaya maka. Maigidana Wali lafiya, yana teku. Inna ƙafar ce dai. Yaran lafiya, ban da Dibor. Fukarta ta tashi sau biyu tun rasuwarka.

Saboda ita ka kafa na'urarka a kan rufinmu. Ka zo duba wata na'urar da ke bakin gaɓa, ka ji yarinyar tana jan numfashi kamar ana goga zarto. Ka ce iska ba fanko ba ce, cike take da ƙwayoyin da ido ba ya gani: gishirin teku, toka, baƙin hayaƙi. Na'urar tana zuƙar iska, manyan ƙwayoyi su tsaya a sama, ƙananan su gangara kan farar takarda. Ka ce ƙananan ne mugaye, su ke kaiwa can cikin ƙirji. In an tara takardun mako goma sha biyu, a auna nauyinsu, a duba abin da ke jikinsu, za a san mai shaƙe Dibor. In teku ce, sai in rabu da yarinyar, ta koma wurin yayata a Fatik. In hayaƙin murhuna ne, sai in kashe wutar da ke ciyar da mu.

Ka tuna makon farko? Na hau rufi, na ga takardar ta yi dauɗa, na ji kunyar baƙo ya ga haka a gidana. Na wanke ta tas da sabulu, na shanya. Da ka gani sai da ka zauna a kan tsani don dariya.

"Baiwata, kin wanke mako guda na rayuwata! Ku Serer in an bar ku, teku ma sai kun wanke ta."

Na ce, "Bawa ba ya yi wa uwargijiyarsa faɗa. Ku Jola me kuka sani ban da cin shinkafa?"

Ba ka yi fushi ba, ai Serer da Jola abokan wasa ne. Ka koya mini ɗaukar takarda da hantsaki ba da yatsa ba, in naɗe ta, in rubuta rana da sa'a, in sa a firij. Haruffan da ban iya ba ka gyara mini, ba tare da yara sun gani ba.

Takardu tara ka kai Dakar. Saura uku.

Na'urar ba ta san ka mutu ba. Tana nan tana numfashi a kanmu, kuma wani lokaci ina kasa bambanta sautinta da na Dibor. Kowace Talata da ƙarfe takwas na safe, lokacin da ka saba zuwa canza takarda, sai in ji tsani ya motsa. In fito, babu kowa, sai hazon teku. Sai in hau da kaina. Duka ukun na canza su a kan lokaci, ban wanke ko ɗaya ba. Ta ƙarshen ta fi duk sauran baƙi, kuma babu wanda zan nuna wa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya shigar maka da iskar Aljanna. Ya ba matarka Sira da mahaifiyarka a Binyona haƙurin wannan rashi.

Ku kuma abokan aikinsa na ɗakin gwaji, ban san sunayenku ba. Takardun suna firijin maƙwabciyata, a jere yadda ya koya mini. Yayata za ta zo ranar sadakar arba'in, sha takwas ga Nuwamba, ta ce da Dibor za ta koma. Don Allah wani ya zo ya karɓa, ya ba ni amsa kafin ranar. Ban san wadda zan saki ba, 'yata ko wutata.