Baba Kura da Robar Wuyan Kafireto

Idonsa a rufe, kofin shayi na tururi a tafin hannunsa, Baba Kura yana kiran sunayen masu wucewa kamar mai jan carbi. "Ɗan'azumi mahauci. Sarƙarsa ta saki." Ya kurɓi shayi. "Wannan kuma malamin firamare ne, har yau bai canza filogi ba." Haka yake yi kowace safiya idan ya buɗe rumfarsa da ke bakin titin Roni, kafin ya taɓa ko da sifana ɗaya. Shekara arba'in da 'yan kai yana gyaran babura a Kazaure, kuma kowane babur na garin yana da muryarsa a wurinsa, yadda uwa take tsintar kukan ɗanta a cikin kukan 'ya'yan unguwa.

Sai dai a 'yan watannin nan, in za a faɗi gaskiya, lokaci yake karantawa, ba sauti ba. Ya san mahauci bakwai da kwata yake wucewa, malami kuma yana biye da shi. Muryoyin sun yi masa nisa, kamar ana hira a bayan dutse. Bai gaya wa kowa ba.

Hannu ya ji a kafaɗarsa. Ya buɗe ido ya ga Malam Muhammadu Lawal, tsohon malamin dabbobi, tsaye a kansa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ga baƙin babur ɗinsa a jingine da ginshiƙin rumfa.

"Sallama uku na yi, Babarbare. Barci kake yi a zaune, ko sarauta aka ba ka?"

"Bawa ai ba ya ƙirga wa ubangidansa sallama," in ji Baba Kura. "Ku Fulani sai an ga dama ake amsa muku."

Wasan Barebari da Fulani ne, sun fi shekara talatin suna yinsa. Amma yau Malam Lawal bai yi dariya ba.

"To ubangida, ga aikinka na dawo maka da shi. Bayan Roni ya mutu mini jiya. Da ƙafa na tura shi har bakin titi. Saniyar da aka kira ni in duba, kafin in isa an riga an sa mata wuƙa."

Baba Kura ya ajiye kofin. Kwana biyar ke nan da ya miƙa masa babur ɗin nan ya ce ya gyaru. Tun da ya buɗe rumfa, babur bai taɓa dawo masa a kan ciwon da ya ce ya warkar ba.

Mahaifinsa fatake ne daga ƙasar Borno, kanwa da banda suka kawo shi Kazaure, duwatsun garin suka riƙe shi. Ya so ɗansa ya gaje shi, amma yaron ya fi son bin bayan duk abin da ke da inji, har aka haƙura aka kai shi Kano koyon aiki. Maigidansa na can bai cika magana ba. Yakan tayar da babur, ya ɗaure masa ido da ƙyalle, ya ce, "Gaya mini inda yake masa ciwo." Baba Kura ya dawo gida daidai lokacin da malaman makaranta da malaman gona da ma'aikatan asibiti suka fara hawa babura. Wannan na Malam Lawal ma, shi ya fara ɗaure masa notuna ranar da aka sauke shi sabo fil. Sa'o'in babur ɗin duk sun tafi wurin 'yan gwangwan. Shi kaɗai ya rage, kuma da shi Malam Lawal yake ratsa yashi zuwa rugage har Gwiwa, don ko bayan ya yi ritaya Fulani ba su daina kiransa ba.

Ciwon kuwa ga shi: babur ya ƙi tashi sai an sha wuya, in ya tashi ba ya tsayawa a silo, in an saki totur ya yi ta gurnani shi kaɗai, in ya yi zafi ya mutu. A gyaran farko Baba Kura ya wanke kafireto, ya canza filogi, ya daidaita mai. A ransa ya san wanda yake zargi. Tsakanin kafireto da inji akwai wata gajeruwar roba mai kama da maƙogwaro, ta nan mai da iska suke shiga bayan kafireto ya auna su. A bakinta, inda ta haɗu da inji, akwai siririn zoben roba da ke toshe kowace kafa. In ɗayansu ya tsage, iskar da ba a auna ba sai ta saci hanya ta shiga, ta tsinka man, inji ya zauna da yunwa. Tsagar takan fi gashi siranta, ido ba ya ganinta. Amma tana da sauti, wani ɗan tsaki kamar na tsohuwar da aka ɓata wa rai. Da, daga bakin titi yake jinsa.

Ya duba robar, ya shafa ta da yatsa, lafiya ƙalau. Kuma ba zai iya cire ta don gwaji kawai ba. Roba mai shekara arba'in, in ka fizge ta ba lallai ta koma ba, irinta kuma babu a Kazaure. In ba ita ce mai laifin ba, ya kashe babur a banza.

Da rana ɗansa Jalaluddeen, wanda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya zo ya durƙusa a bakin rumfa. Ya ɗaga murya fiye da yadda ɗa yake yi wa uba, daga nan Baba Kura ya gane asirinsa ya daɗe da tonuwa a gida.

"Baba, magana ta fara yawo a gari. Ka yi aikin nan da mutunci, ka bar shi da mutunci. Me muka kasa yi maka? Ka zauna a gida ka huta."

"Hutu na kabari ne, Jalalu."

"Baba, yau saniya ce. Gobe in mutum ne babur ya mace masa a tsakiyar titi fa?"

Wannan ta shige shi. Ya daɗe yana kallon baƙin man da ya zauna a layukan tafinsa.

"Ka ba ni zuwa Juma'a. In babur ɗin Lawal bai je Gwiwa ya dawo da ƙafarsa ba, ni da hannuna zan rufe rumfar nan."

Ranar Litinin ce. Ya ƙare ta, ya ƙara da Talata, yana kafa bakin sukundireba a jikin inji yana manna ƙotar a kunne. Ya sa tiyo a kunnen hagu, ya mayar dama. Abin da yake ji kawai wani gunji ne, kamar ruwan sama a kan rufin kwano mai nisa. Malam Lawal, da ke zaune a benci yana kallo, ya ce, "Ka kira wani mai kunne mana ya saurara maka."

"Kunnen aro ba ya riƙe rumfa. Yau ya ara mini, gobe fa?"

"Taurin kan Barebari dai."

"Da shi muka mallake ku."

Ranar Laraba bayan azahar ya koma gida cin abinci, ya tarar matarsa Hajja Kaka tana turara ɗaki. Sana'arta ce, haɗa turaren wuta irin na mutanensu, amare har daga Babura ake aikowa a saya musu. Ta sa garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren, ta ja ƙofa ta rufe don ƙamshin ya kama labule. Ya zauna a kan tabarma, tuwo a gabansa, ya kasa kai loma. Hayaƙin ya miƙe tsaye kamar zare, ya kai tsayin mutum, sai ya karkata. Ya bi shi da ido. Zaren ya lanƙwasa, ya tafi a hankali, ya shige wata kusurwa ta taga ya ɓace.

"Hajja, me ke jan hayaƙin nan can?"

Ta matso kusa da kunnensa. "Tagar da nake ta faɗa maka tun bara, Malam. Ta tsage ta gefe, tana shanye mini turare. Kai na mutane kake gyarawa."

Ya tashi ya je ya duba. Bai ga tsaga ba sai da ya kai fuskarsa daf da katakon. Hayaƙi ya riga shi ganinta.

"Ara mini kaskon nan."

"Tuwon fa?"

"Rufe shi."

Wuta da fetur ba sa zama inuwa ɗaya, wannan ya sani tun yana ɗan koyo. Ya goge jikin inji tas har ba ɗigon mai, ya ajiye kaskon can nesa a ƙasa, ya kifa masa mazurarin gwangwani, ya zura doguwar tiyo a bakin mazurarin. Ya rataya tabarma a bakin rumfa don iska ta kwanta. Malam Lawal ya buga kik har sau bakwai kafin babur ya tashi.

"Yau kuma amarya za a yi wa babur ɗin nawa?" ya yi ihu a kan ƙarar injin.

Baba Kura bai ji ba, ko kuma ya ji ya share. Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya kawo bakin tiyon kusa da robar. Hayaƙi ya fito fari, ya lulluɓe ta, ya tashi sama abinsa. Ya zagaya dama. Babu komai. Ya zagaya hagu. Babu. Ya jira inji ya ɗauki zafi, ya kwanta da gefensa a ƙasa, ya kai tiyon ƙarƙashi, wurin da roba ta sumbaci ƙarfe. Nan hayaƙin ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya siranta, ya lanƙwasa, ya shige ciki kamar an zuƙe shi da tsinke.

Ya sake gwadawa sau uku. Sau uku hayaƙin ya bi hanya ɗaya.

"Lawal! Sauko ka ga ɓarawonka."

Da ya kwance robar, ta rabu biyu a hannunsa. Ta ƙasa ta bushe kamar tsohuwar ganda, zoben kuwa ya zama gari.

Washegari da sassafe ya hau motar Babura, guntayen robar a aljihu, ya nufi wurin Daudu, wani mai tara gawarwakin tsofaffin babura da ake shigo da su daga tsallaken iyaka. Sun zazzage buhu huɗu. Wata ta yi faɗi, wata ta yi tsawo, wata daidai amma ta fi tasa mutuwa. Daudu ya gaji ya ce, "Baba, ka naɗe tsohuwar da robar taya mana, kowa haka yake yi."

"In na naɗe, sai ta kai mai babur Roni ta sake ajiye shi. Kawo wancan buhun."

A buhu na biyar suka sami ɗaya da ba a taɓa ɗaurawa ba, ta yi tauri don zama amma ba ta da tabo. Zoben ne ya gagara. Sai da ya dawo Kazaure ya bi shagunan masu sayar da kayan injin ban ruwa, yana gwada zobba ɗaya bayan ɗaya a bakin robar, har ya sami wanda ya zauna a gurbinsa kamar don shi aka yi.

Ya tafasa ruwa a butar shayi, ya jiƙa robar har ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Ya kankare bakin inji da tsinken kara, ba da ƙarfe ba, don kada ya bar ƙarzuwar da iska za ta bi. Ya shafa wa zoben ɗan mai kaɗan, ya zaunar da shi. Notuna biyun ya ɗaure su bi-da-bi, wannan kaɗan, wancan kaɗan, don kada gefe ɗaya ya danne ya bar ɗaya a buɗe. Kik ɗaya babur ya tashi. Bai ji silonsa ba. Ya ɗora tafinsa a kan tanki, ya ji bugun yana zuwa daidai, a natse, kamar zuciyar mai barci. Ya sake zagaya robar da hayaƙi, hayaƙi ya tashi sama bai waiwaya ba.

Ranar Juma'a Malam Lawal ya tafi Gwiwa da hantsi, ya dawo har ya sami sahun gaba a masallaci. Da aka sallame ya ce wa Jalaluddeen ya gaya wa tsohonsa cewa shi Babarbaren ne bawan, kuma yau ya ci a 'yanta shi.

Bayan an sauko, Jalaluddeen ya sami mahaifinsa a ɗakin Hajja Kaka. Ya isar da saƙon, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba. Amma kunnen dai bai dawo ba."

"Bai dawo ba," in ji Baba Kura. Karo na farko ke nan da ya faɗa da bakinsa. "Wataƙila ma ba zai dawo ba. Na yi kuskure da na ɓoye, saniyar mutane ta tafi a kai. Daga yau babur ba zai bar rumfata ba sai na ga lafiyarsa da idona, na ji ta da hannuna."

"To ka yarda in kai ka Kano a duba kunnen."

"Litinin. Mu tafi da wuri, mu dawo kafin la'asar."

"Rumfar kuma?"

Baba Kura ya dafa bango ya miƙe, ya gyara zaman hularsa.

"Akwai wani mutumin Kanya Babba da ya ajiye mini babur ɗinsa tun safe, yana can yana jira."

Ya zura takalmansa a bakin ƙofa, ya ɗaga labule ya fita.