Wurin Zabiyar Kwaɗi

Duk hutun lakkol, in an rufe makaranta, ana kai mu ƙauye wajen Takieta, gidan kakarmu Fanna. Bayan magariba takan zube mana buhun gyaɗa a gindin murhu, ta ce hannun da bai ɓara ba kunnensa ba ya jin tatsuniya. Ni kuwa cin gyaɗar ya fi mini ɓararta.

"Kai, miji marar cefane," in ji ta, "ka cinye mini iri, me za ka shuka mini baɗi?"

Kafin ta ƙarasa "ga ta nan" mun riga mun ce ta zo mu ji ta, kuma kullum ta kwaɗi muke roƙo.

Wai a wani tafki akwai zabiyar kwaɗi mai shaƙaƙƙiyar murya. In ta rera baiti sauran su amsa "muna nan, muna nan", sai hadari ya ji ya taho. Wata rana shamuwa ta sure ta. Kwaɗi suka ɗauko zakara ya riƙe musu baiti, hadari ya wuce abinsa. Suka ɗauko aku, ya kwaikwayi muryarta tsaf, hadari ya leƙo ya ga ba ita ba ce, ya juya. Tafki ya soma tsagewa. Sai wani tsohon kwaɗo ya ce su yi amshinsu kawai, su bar mata wurinta.

A nan Kaka takan rera "muna nan, muna nan", sannan ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar itace a wuta. Shirun nan ya fi ƙarfina, sai in cusa wata waƙar shirme a ciki. Ta ɗana mini kara a gwiwa.

"Ba wurinka ba ne."

Sai ta ce a cikin shirun ne ruwa ya fara sauka, ɗis, ɗis, shi ya rera baitin. Wannan tatsuniya kaɗai ce ba ta taɓa rufewa da kan kusu ba. Sai bayan rasuwarta innata ta gaya mini cewa Kaka ta yi shekaru tana 'yar amshin wata zabiya mai kiɗan ƙwarya, kuma tun da matar ta rasu ba ta yarda ta bi bayan kowa ba.

Da na shiga lise, wato sakandare, a Zinder, mu uku muka kafa ƙungiyar kiɗa: Sanusi a ganga, ni a gitar, Lawali a waƙa. Lasifikarmu tsagaggiya ce, muryar Lawali kamar an ja kwano a kan siminti, tsofaffin unguwa suna cewa aljanu sun samu lantarki. Amma samari sun haddace waƙoƙin, don abin da ke cin ransu yake faɗa. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke Lawali. Na rataye gitar, na kama aikin koyarwa.

Bara 'ya'yan waɗancan samari, masu yawo da waƙoƙinmu a waya, suka nace sai mun yi musu wasa. Sanusi ya zo mini da murna.

"Malam, na samo wani mawaƙi. In ka rufe ido ka rantse Lawali ne."

Na zaunar da shi na ba shi labarin aku. Ya ce in mutane suka watse, kunyar tawa ce, kuma waƙoƙin sun mutu ke nan. Gaskiya na ji tsoro.

Ranar wasa muka kafa mikiro a tsakiya ba kowa a bayansa. Muka yi amshi, muka zo wurin Lawali muka bar shi. Shirun ya yi tsawo. Can daga baya wata mata mai goyo ta ɗauki baitin, murya na karkarwa, sai na kusa da ita, sai filin gaba ɗaya. Saura kaɗan in ce ba wurinku ba ne.

Sanusi ya dube ni ta saman gangarsa, hawaye har gemu, ya ce, "Malam, an fara ruwa."