Kwaɗon Rijiyar Hakimi

A Birnin Malam na tashi, a hannun kakata Inna Tumba. Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa dankali a toka. Haƙoranta na gaba sun zube, maganarta na fita da ɗan fito, amma ba wanda ya isa ya yi dariya. Da ta ce, "Ku matso, ta iso," ko tari ba ka ji.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani kwaɗo mai ƙazamin baki da ke zaune a rijiyar hakimi. Duk mai ɗibar ruwa sai ya tsokane shi: wannan ƙafarsa kamar taɓarya, wancan hancinsa kamar murhu. Ana jin haushinsa, amma ba dokar da ya taka. Rannan akuyar hakimi ta faɗa rijiyar ta mutu, masu kiwonta suka yi gum don tsoro. Kwaɗo ya kama ihu: "Ruwa ya ruɓe! Masu rawani na shan romon mushe!" Fadawa suka taru, ko leƙa rijiyar ba su yi ba, suka yanke cewa ya ci mutuncin manya. Aka kamo shi aka liƙe bakinsa da ƙaro. Gari ya yi tsit, aka sha barci, aka wayi gari ciki na kumbura gida-gida.

Na taɓa ce mata ai kwaɗon ma ba shi da ladabi. Ta harare ni ta cikin hayaƙi.

"Na hwaɗa maka yana da shi? Ko ƙanƙane babu. Amma shi yaj jefa akuyar? Wawayen da sunka tahi biɗar ƙaro, ga guga aje, su nika ba ku labari." Ta tofar da yawu a toka.

Yanzu ina noman albasa a Aliero. Akwai wani mutumin Jiga Makera, Sani Baki-Wuta, mai ɗora bidiyo a shafinsa na intanet. Ni kaina salonsa bai yi mini ba: gatse, shaguɓe, kwaikwayon tafiyar mutane. Bara ya ɗauki bidiyon gonar albasarsa ya nuna wa duniya. Irin da ya saya wurin wani babban dillali ya tashi ganye zalla, ba kai. Ya tumɓuke ya nuna, yana kiran dillalin sarkin ciyawa.

Shugaban ƙungiyarmu ta manoma, Alhaji Barmo, surukin dillalin ne. Ya kira taro.

"Yaron ga ya zubar muna da mutunci. Kowa shi ɗauko wayatai, mu kai ƙarar shahin har su ruhe shi."

Na ce, "Alhaji, ƙarya yay yi?"

"Ba zancen ƙarya na ba, Malam, zancen tarbiyya na."

Na mayar da wayata aljihu ina kallo. Dattawa da gemu da carbi, cikinsu har da waɗanda irin nan ya kashe wa gona, sun duƙufa suna dannawa, wannan na tambayar wancan inda ake taɓawa. Wai batsa Sani yake yaɗawa, alhali abin da ke bidiyon mutum ne riƙe da ganyen albasa. Aka rufe shafin, suka yi ta musabaha kamar sun dawo daga yaƙi. Dillalin kuwa ya kwashe ragowar irin ya nufi Maiyama, manoman Andarai da ke can suka saya, don ba sauran abin da za su gani a waya.

Ina yaro na ɗauka Inna tausayin kwaɗo take koya mana. Ashe raini take koya mana, rainin mutumin da zafin kunnensa ya fi masa cikin maƙwabcinsa muhimmanci. Mai ƙazamin baki ana iya tsallake shi da ɗan yatsa a waya. Wanda ya liƙe bakin kuwa, ya yanke wa har waɗanda bai taɓa gani ba hukunci.

Kwanan baya a kasuwar Jega wani dattijo ɗan Andarai ya riƙe mini hannu, gonarsa ta tashi a banza, idonsa jawur.

"Ku mutanen Aliero kun sani, mi ya hana ku hwaɗa muna?"

Na waiga. Na nuna masa Alhaji Barmo, yana can bisa buhun albasa, ya tara samari yana yi musu nasiha a kan amana.