Laraba ta tafi ta bar wa Inna rabin kitso

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ƙanena ya kira ni daga Karaye, wai Laraba mai kitso ta rasu. Zazzaɓi ne, ta je ganin gida Falgore, a can aka kai ta makwancinta.

Ban yi kuka ba tukuna. Haushi nake ji, kuma ku bar ni in faɗa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Laraba ce ke bin gidajen tsofaffi a Unguwar Hajji tana yi musu kitso. Ba wanda ya sa ta, ba ta karɓar komai. Tsohuwar da furfurarta ba ta kai a kama ba ma sai Laraba ta zauna ta shafa mata man shanu, ta tsaga, ta kitse ɗan abin da ya rage, suna hira. Mahaifiyata na cikinsu tun da idonta ya mutu.

Ni ce 'yar farin Inna. Kun san abin da hakan ke nufi a wurin mutanen da. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. "Waccan" take cewa. In taso tun daga Kano, in durƙusa in gaishe ta, ta juyar da kai ta ce, "Lafiya. Ya hanya?" Shi ke nan hirarmu. Na karanta littattafai a kan alkunya, na san daga ina ta fito, amma sani bai taɓa rage mini zafinta ba.

Sai ga Laraba. Da ta yi sallama Inna za ta wartsake: "Ke ja'ira, sai yanzu? Na ɗauka mijin naki ya ɗaure ki a turke." Ta ɗora kai a cinyarta, su yi ta ƙyaƙyata dariya, ni ina gefe riƙe da waya kamar wadda ta zo karɓar haraji.

A bakin Laraba na ji cewa a zamanin Turawa, da masu lamba suka shigo gari yi wa yara rigakafin agana, Inna ta faɗa cikin rumbu ta wuni a kan dawa, har aka fara shelar ɓatan yarinya. A bakinta na ji yadda take bin kakana da tallan fura wurin awon gyaɗa, tana leƙen Bature don ta ga ko da gaske ba shi da yatsun ƙafa. Tarihin uwata, amma sai an ba ni aro.

Na yi kishinta, kuma ban ɓoye mata ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, na tare ta a zaure na ce, "Laraba, me kika ba uwata ta sha?"

Ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, ni da kunnena ya gaji da zancenki? In kama gefen dama, waccan. In koma hagu, waccan. Ranar da kika fara tafiya, ranar da aka kai ki makaranta ta shiga ɗaki ta ƙi cin tuwo. Ni fa kunne kawai nake kawo mata."

Na ce, "To, me ya hana ta gaya mini?"

Ta ce, "Ita ɗin? Sai dai in kina bayanta, ba ta ganin kina kallonta." Inna da ba ta gani! Muka yi dariya, ta saɓa gyale ta wuce gidan wata tsohuwar.

Wannan ma ban yafe ba. Abin da na rayu ina jira in ji, ita ta sha shi har ya gundure ta.

Ƙanena ya ce ranar da za ta tafi Falgore ta fara wa Inna kitso, mai babur ya iso, ta ce in ta dawo za ta ƙarasa. Rabin kan yana nan a tsefe. Matarsa ta kawo hannu, Inna ta buge. Ɗazu, bayan an gaya mata rasuwar, ta kira shi ta ce, "A ce wa waccan ta taho da kibiyar kitso."

Ni ban iya kitso ba. Ko kalaba in na yi karkacewa take. Amma ga ni a tasha, kibiya na cikin jaka.

Allah ya jiƙan Laraba, ya sa kowace tsaga da ta yi a kan tsohuwa ta zame mata haske a kabari, ya raya abin da ta bari. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Ni ma ku roƙa mini, Allah ya sa in na zauna a bayan Inna ta yi magana.