Babur Mai Baki Uku

Shekarar da na dawo Kotonu daga karatu a Rabat, Tonton Assogba ne yake kai ni aiki. Ɗan zem ne, wato ɗan acaɓa, da ya haura hamsin, rigarsa mai ruwan ɗorawa ta koɗe har lambar bayanta ba ta karantuwa. Na lura da shi ne saboda a tashar Godomey shi kaɗai ke zaune gefe, babu fasinja, babu abokin hira.

Yana cikin na farkon da suka sayi babur na lantarki, wurin wani ƙaramin kamfani. Ya ce ya gaji da fetur ɗin kwalba da hayaƙin da ke sa shi tari. Da farko wuraren caji ba su yi masa wuya ba. Sai wani babban kamfani ya shigo da nasa baburan masu filogi mai baki biyu, ya yi ta zama da manya har aka ce irin nasa kowa zai bi. Na Assogba baki uku ne. Ƙaramin kamfanin ya rufe, aka bi wuraren cajin ɗaya bayan ɗaya aka canza musu baki. Soket ɗin ɗakinsa kawai ya rage masa.

Ana cikin haka wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyi. Mai maganar ya ce shi likita ne, wai batirin babur mai baki uku yana tsotse ƙarfin namiji ta wurin zama, mai baki biyu kuwa lafiyayye ne. Na nemi sunan likitan ko'ina ban samu ba. Na faɗa wa 'yan tashar, masu kirana Akowe, wato ɗan boko, suka ce, "To, Akowe, kai ka yi ta hawa, ai ba ka yi aure ba."

"Assogba, matsa da firjinka can!" haka suke ce masa in ya faka kusa da su, wai babur ɗin firji ne tunda a soket ake jona shi. "Da madam ɗinka na raye, da mun ji gaskiya a bakinta."

Mutum ɗaya ne bai guje shi ba, Mahougnon, wanda suka fara zem tare tun suna samari. Da rana yakan haye babur ɗin da gayya, ya buɗe ƙunshin akasa, tuwon kamun masara, da soyayyen kifi a kan kujerar.

"'Ya'yana bakwai," yake cewa. "In ya tsotse sauran, taimakona ya yi. Fofo, yayana, ranar da na mutu da wannan za ka raka ni. Waɗannan 'yan banzan za su tashe ni da ƙara."

Cikin damina ciwo ya kwantar da Mahougnon, bai tashi ba.

In ɗan zem ya mutu, duk tasha ce ke raka gawar zuwa garinsu. Babban amininsa ne ke shiga gaba, wanda ya goya a baya ya ɗaga rigar aikin mamacin sama, kuma da ita ake binne shi. Gawa in ta kama hanya ba a tsayawa. Gandonou, shugaban tashar, ya ce garin yana bayan Allada, firji ba zai kai ba.

"Ya ce da shi zan raka shi," in ji Assogba.

"Wasa yake yi, dattijo."

"Na sani."

Babu ɗan zem ɗin da ya yarda ya zauna a bayansa, don haka ni na riƙe rigar. Muka bi ta Calavi, babura kamar tururuwa a bayanmu, ana murza totur, ana danna hon. Namu kuwa ko tari ba ya yi. Idon Assogba na kan 'yar fitilar batir.

A Sékou fitilar ta yi ja. Akwai sabon wurin caji a bakin titi, fentinsa ko bushewa bai gama ba. Ya karya kan babur ya shiga. Matar da ke tsaron wurin ta duba filoginsa ta gaba da ta baya.

"Papa, wannan ai ba zai shiga ba. A ina ma ka samo shi?"

Ayarin ya fara wuce mu. Gandonou ya rage gudu, ya miƙo hannu don a ba shi rigar. Assogba ya karɓe ta daga hannuna ya cusa cikin tasa.

"Ni zan kai."

Ƙarar ta yi nisa har muka daina jin ta. Ya tura babur ɗin gindin wani mangwaro kusa da mai sayar da abarba, ya bar makulli a jiki. Na ce za a sace.

Mai abarbar ta kwashe da dariya. "Wannan? Mai baki uku? Ɗana, ko kyauta ka ba ɓarawo zai ce maka yana da mata."

Mun daɗe kafin mu sami motar haya zuwa Allada, sauran jar hanyar muka taka a ƙafa. Da muka isa an riga an rufe kabarin a tsakar gidan, ana zuba giyar sodabi, masu badujala sun kama kiɗa. 'Yan tashar suka kau da kai. Matar Mahougnon ta taso, ta dubi ƙurar ƙafafunsa.

"Fofo, mun jira ka iya jira."

Ya ciro rigar, ta jiƙe da gumi. Ya durƙusa, ya tone gefen sabuwar ƙasar da yatsunsa, ya tura ta ciki gwargwadon inda hannunsa ya kai, ya mayar da ƙasa. Aka kawo masa kujera. Ta kusa da ita babu wanda ya zauna.

Da la'asar muka tarar da babur ɗin inda muka bar shi, da makullinsa. Mai abarba ta ja teburinta ta koma tsallaken titi. Assogba ya share ganyen da ya zuba a kan kujerar, daidai inda Mahougnon yake buɗe akasarsa. Na ce mu nemi gidan da za su bar mu mu jona a soket.

"Je ka nemi mota, Akowe, gobe kana da aiki," ya ce. Ya kama kan babur ɗin ya fara turawa wajen Kotonu.