Zakka Soja da Baƙonsa na Indiya

Zakka maƙwabcinmu ne a Wunti. Ya yi yaƙin Bama, ya dawo da lambar girma da ilimin ƙasashen duniya, wanda yake rabawa kyauta ko ba a tambaye shi ba.

A daminar 1952 ma'aikatan gandun daji suka raba dashen dogon yaro. Zakka na gani ya gane shi. Ya ce a barikin da suka sauka a Indiya, wani tudu mai sanyi da tsakuwa, itacen bai wuce kafaɗarsa ba. Ya karɓo ɗaya ya dasa a jikin ɗakin matarsa Liatu, ɗakin da ta yaɓe da hannunta.

"Baban Roda, ka matsar da shi," in ji Liatu.

"Na san shi a gidan ubansa. Ba ya girma."

Ba wanda ya sanar da itacen haka. Zafin Bauchi ya karɓe shi, damina ta ishe shi, rani bai dame shi ba, ga ruwan wanke-wanken Liatu kullum. A 1957 ya wuce rufi. Jemagu suka ɗauki aikin raba irinsa, kowane gida a unguwar ya sami rabonsa ba tare da ya nema ba. Saiwa kuma ta shiga ƙarƙashin ɗaki ta tsaga bango.

Liatu ta aro gatari. Zakka ya ce a mayar.

"Indiyawa sun ba ni shinkafa, ba su kore ni ba. Ni ne zan kori baƙonsu?"

"Kai da ka je, ɗakin wa ka rushe?"

Ruwan ƙarshen Satumban 1960 ya kayar da bangon. Ranar bikin 'yancin kai, Zakka ya dawo daga fareti da lambarsa a ƙirji, ya tarar Liatu ta kwashe tukwanenta zuwa ɗakinsa, gadonsa na soja kuma yana gindin itacen.

"Turawa ma sun ba da wuri. Ka kwana da baƙonka."

A makon nan ya sare shi, ya sake gina ɗakin.

Da damina ta zagayo, kututturen ya yi toho, rassa birjik, tsayinsu daidai kafaɗar mutum. Zakka ya kira Liatu, ya tsaya kusa da su ya miƙe.

"Kin gani? Haka yake a Indiya."